Masu yawon ƙananan filayen ƙwallo a Ingila: abin da ya kamata ku sani

Duk ranar Asabar da ƙarfe uku na rana agogon Ingila, gidajen kallon ƙwallo a Kano da Zariya da Maraɗi sukan cika, ana ta musu a kan Arsenal da Chelsea. Da yawa cikin masu wannan musu ba su san cewa mutumin da ke zaune a Landan ba shi da damar kunna talabijin ya ga wasan kai tsaye ba. A can an hana nuna ƙwallo kai tsaye ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma. Tun shekarun 1960 ake bin wannan ƙa'ida, kuma ana danganta ta da Bob Lord, shugaban ƙungiyar Burnley na wancan zamani, wanda ya ji tsoron cewa in aka kai wa mutane manyan wasanni har cikin falo, ƙananan ƙungiyoyi za su wayi gari babu mai leƙa filinsu. Ana gardama a kan ko ƙa'idar tana da sauran amfani yanzu da kowa ke riƙe da waya, amma dai tana nan.

A daidai wannan lokaci ake busa usur a ɗaruruwan filaye a faɗin ƙasar, wasunsu rumfa ɗaya tak gare su. Cikin 'yan kallon da ba su wuce ɗari ko ɗari biyu ba, da wuya a rasa wani baƙo. Ba ɗan garin ba ne, ba shi da ɗa ko ƙane cikin 'yan wasa, kuma ko wa ya ci bai dame shi ba. Ya shiga jirgin ƙasa na awa uku ko huɗu don kawai bai taɓa kallon wasa a wannan fili ba, mako mai zuwa kuma yana wani garin. Irin waɗannan mutane ake kira groundhoppers, wato masu yawon filaye.

Yadda aka jera ƙungiyoyin

Ƙwallon Ingila a jere take kamar dalar gyaɗa, sama tsukakke, gindi da faɗi. A ƙoli akwai Firimiya mai ƙungiyoyi 20. Ƙarƙashinta akwai Championship da League One da League Two, kowacce da 24. Jimla 92 ke nan, su ne manya. Daga nan aka shiga duniyar da muke magana a kai. Mataki na biyar, National League, rukuni ɗaya ne na ƙasa baki ɗaya. Na shida ya rabu biyu, Arewa da Kudu. Na bakwai rukuni huɗu ne, na takwas rukuni takwas, na tara 16, haka abin ke ta buɗewa har a kai gasannin gunduma, inda ƙauye ke karawa da maƙwabcinsa. Dalilin yawan rabewar shi ne rage tafiya. Mai gyaran famfo ko malamin makaranta da ya tashi aiki ƙarfe biyar ba zai ƙetare rabin ƙasa ya buga wasan daren Talata ba.

Matakan nan a haɗe suke: wadda ta ci rukuninta ta hau, wadda ta zo ƙarshe ta sauka. A da ba haka ba ne. Kafin 1987, ƙungiyar da ta zo kutal cikin manyan ba ta faɗuwa kai tsaye. Ƙuri'a ake kaɗawa, kuma galibi 'yan'uwanta su sake zaɓenta, na waje su yi ta jira. A 1987 aka buɗe ƙofa, Scarborough ta hau, Lincoln City ta sauko, kuma tun daga nan aka riƙa ganin abin mamaki. Luton Town ta bar mataki na biyar a 2014, a 2023 sai ga ta a Firimiya. Da aka amince a ɗauke ƙungiyar Wimbledon daga kudancin Landan a kai ta Milton Keynes, magoya bayanta suka yi fushi suka kafa tasu, AFC Wimbledon, a 2002. Daga mataki na tara suka fara, a 2011 suka shiga sahun 92.

Cin wasa kaɗai ba ya hawar da ƙungiya. Kowane mataki yana da sharuɗɗan fili: fitilun dare, yawan kujeru, katanga, ƙofar karɓar kuɗi, ɗakin canza kaya. Sutton United ta samu hawa zuwa League Two a 2021, sai da ta ɗaye ciyawar robar da ke filinta ta shuka ta gaske, domin a sahun manya ba a yarda da ta roba ba, alhali wannan robar ce ke kawo mata kuɗin haya duk mako.

Abin da mutum zai tarar

Ƙofar shiga yawanci guda ce, wani ƙarfe mai juyawa da ke wuce mutum ɗaya-ɗaya, da dattijo a ɗan ƙaramin ɗaki yana karɓar kuɗi. A matakan can ƙasa kuɗin shiga bai cika wuce fam goma ba, yara kuma a wurare da yawa kyauta ne ko kusan kyauta. Da ka shiga za ka ga mai sayar da ɗan littafin wasan ranar: sunayen 'yan wasa, teburin gasa, gaisuwar shugaban ƙungiya ga baƙi, sai tallan mahaucin garin da bakanike da mai sayar da katako, waɗanda su ne masu ɗaukar nauyin ƙungiyar. Wajen mai yawon filaye wannan littafi shi ne shaidar ya zo, kuma akwai masu ɗakuna cike da su.

Babu lambar kujera. Ka tsaya inda ka ga dama, ka jingina da ƙarfen da ya kewaye fili, tsakaninka da layi bai fi taku biyu ba. Kana jin koci yana yi wa ɗan bayansa tsawa, kana jin alƙalin wasa yana yi wa kyaftin bayanin dalilin busa, kana jin ƙarar ƙafa in ta gamu da ƙafa. Mai ɗaga tuta ne ya fi kowa shan wahala, don duk mai ƙorafi yana daidai bayan kunnensa, kuma wani lokaci ya juyo ya ba da amsa, a yi dariya. In ƙwallo ta fita, kai za ka ɗauko ka miƙa. Da an tafi hutun rabin lokaci, magoya bayan kowane ɓangare su naɗe tutocinsu su koma bayan ragar da 'yan wasansu za su kai wa hari, su yi kiciɓis a hanya su wuce juna lafiya. Bayan an tashi, 'yan wasan duka biyu da alƙalai da 'yan kallo su haɗu a ɗakin taron ƙungiya, wanda ya zubar da fenareti yana tsaye kusa da wanda ya zage shi ɗazu.

Yawancin waɗannan abubuwa sun ɓace a manyan filaye. Bayan turmutsitsin Hillsborough na 1989, wanda ya zama sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, an tilasta wa ƙungiyoyin matakai biyu na sama su mai da filayensu na zama zalla. Sai a 'yan shekarun nan aka fara dawo da wuraren tsayuwa, su ma da ƙarfe a gaban kowane layi. Tikiti ya yi tsada, ana sauya ranar wasa don masu talabijin, kuma samun shiga filin Liverpool ko Arsenal ga wanda ba shi da rajista aiki ne ja. Da yawa cikin masu yawon ƙananan filaye tsofaffin magoya bayan manyan ƙungiyoyi ne da suka gaji. Wasu ma ƙungiya sukutum suka kafa: a 2005, da iyalan Glazer na Amurka suka sayi Manchester United, wani ɓangare na magoya baya ya ware ya kafa FC United of Manchester, kuma a 2015 suka buɗe filinsu na kansu, Broadhurst Park.

Kusan duk wanda ka gani yana aiki a irin wannan fili ba biyansa ake yi ba. Mai karɓar kuɗi, mai yanke ciyawa, mai wanke riguna, matar da ke dafa shayi, duk sa kai ne. Kuɗin wuta da na alƙalai da na motar tafiya wasan waje suna fitowa ne daga ƙofa da shayi da ɗan abin da 'yan kasuwar gari suka bayar. Saboda haka baƙo goma ba ƙaramin abu ba ne. Wasu gasanni sun gane wannan, sai su ware ƙarshen mako guda, musamman lokacin hutun Ista, su jera wasanni a garuruwa makusanta, ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya da yamma, a ɗebo baƙi a manyan motoci ana kewayawa da su. Ƙungiyar da ta saba ganin mutum sittin sai ta ga ɗaruruwa a rana ɗaya, ta sayar da duk abin da ta dafa. Haka kuma tun 2010 ake ware Asabar guda, a makon da manyan ƙungiyoyi ke hutu saboda wasannin ƙasa da ƙasa, ana kiran magoya bayansu su je su kalli ƙaramar ƙungiyar unguwarsu. Wani mai suna James Doe ne ya faro abin, ana kiransa Non-League Day.

Lissafi da ƙa'idojinsa

Mai yawon filaye ba ya rabuwa da lissafi. A 1978 wani magoyin bayan Bristol Rovers, Gordon Pearce, ya kafa ƙungiyar 92 Club, wadda ba a shigarta sai mutum ya kalli wasan gasa a filin kowace ɗaya daga manyan ƙungiyoyin nan 92. Matsalar ita ce lissafin ba ya tsayawa: duk shekara wasu na hawa wasu na sauka, wasu kuma su gina sabon fili, sai mutum ya sake ɗaura ɗamara. Waɗanda suka gama da 92 su ne sukan gangara ƙasa, inda filayen ba su ƙirguwa. A Jamus ma al'adar ta yi ƙarfi, amma su sun fi damuwa da yawan ƙasashen da mutum ya kalli wasa a cikinsu. A da littafi da biro ake yawo da su, yanzu akwai manhajar waya mai suna Futbology da ke nuna wasannin da ke kusa, tana kuma riƙe wa mutum lissafinsa.

Babu wata hukuma da ke tsara musu doka, kowa shi ke ɗaure kansa. Wani ba ya ƙirga wasan sada zumunta. Wani in an tashi canjaras babu ci, sai ya sake komawa, wai bai ga ƙwallo a raga ba. Wani in ba a buga littafin wasa ba, ko ƙofa ba zai shiga ba. Akwai mai cewa sai ya kewaya filin kaf, akwai wanda in ya makara da minti biyu ya ɗauka tafiyar ta tashi a banza. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai wannan ɓangare shi ne ya fi jawo musu tsegumi, kuma a ganina da gaskiyar masu tsegumin. Wanda zai zo da abincinsa a jaka, ya rubuta sunan fili, ya fice da busar ƙarshe bai gaisa da kowa ba, bai sayi ko shayi ba, lamba kawai ya ƙara. Waɗanda suka iya abin sukan iso da wuri, su zaga gari, su zauna da dattijon da ya yi shekara arba'in yana kallon ƙungiyar, su ji yadda masana'antar da ta haife ta ta rufe, ita kuma ta rage.

Filayen da ake yi wa doguwar tafiya

Wanda ke son tarihi Sheffield zai nufa. A nan aka kafa Sheffield FC a 1857, ƙungiyar ƙwallon ƙafa mafi tsufa a duniya, kuma har yau a ƙananan matakai take wasa. A wannan birni kuma akwai Sandygate, filin Hallam FC, wanda aka amince shi ne filin ƙwallo mafi tsufa da ake amfani da shi har yanzu. Ranar 26 ga Disamba, 1860, waɗannan ƙungiyoyi biyu suka kara a cikinsa. Filin a karkace yake, ɓangare ɗaya hawa ɗaya gangara, don haka zaɓen raga kafin a fara wasa ba al'ada ce kawai ba.

A tsibiran Scilly, can kudu maso yammacin Ingila, akwai gasar da ƙungiyoyi biyu kacal ke bugawa, Woolpack Wanderers da Garrison Gunners. Su biyun ke ta karawa da juna a fili ɗaya duk tsawon kaka, har da gasannin kofi. A ƙasar Slovakia kuwa, a ƙauyen Cierny Balog, layin dogo ne ya ratsa tsakanin rumfar 'yan kallo da fili, ana cikin wasa tsohon jirgi mai hayaƙi ya zo ya wuce.

Gasar da ta fi haɗa na sama da na ƙasa ita ce Kofin FA, wanda aka fara a 1871. Mu nan sai a watan Janairu muke jin labarinsa, lokacin da ƙungiyoyin Firimiya suka shigo, amma tun farkon Agusta ake fara shi, da ƙungiyoyi sama da 700. Akwai masu zaɓen wasa guda a zagayen farko, su bi wadda ta yi nasara zuwa zagaye na gaba, in an cire ta su koma bin wadda ta cire ta, har su dangana da wasan ƙarshe a filin Wembley a watan Mayu.

A Janairun 2021 ƙuri'a ta kai Tottenham, ƙarƙashin Jose Mourinho, gidan Marine, ƙungiyar mataki na takwas da ke Crosby kusa da Liverpool. Filin Marine ɓangare uku kawai ake tsayuwa, na huɗun bayan gidajen mutane ne. An ma liƙa lambar kowane gida a jikin shinge, don in ƙwallo ta tsallaka a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Lokacin annobar korona ne, ba a bar 'yan kallo sun shiga ba, sai maƙwabta suka fito da kujeru bayan gidajensu suna kallon Mourinho ta cikin shingen waya. Cikin 'yan wasan Marine akwai malaman makaranta da mai kwashe shara, kuma kafin a zura ko ɗaya sai da suka buga wata ƙwallo ta daki ƙarfen saman ragar Tottenham. Tottenham ta ci 5 da nema, amma mutane sama da 30,000, da yawansu magoya bayan Tottenham, sun sayi tikitin wasan da suka san ba za su shiga ba, don kada ƙungiyar ta yi asarar kuɗin ƙofa. Shekara uku bayan haka, Maidstone United ta mataki na shida ta je har gida ta doke Ipswich Town da ci 2 da 1. Kocinta na lokacin, George Elokobi, haifaffen Kamaru ne.

Akwai kuma fatan ganin ɗan wasa kafin duniya ta san shi. Jamie Vardy, bayan Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16, ya koma Stocksbridge Park Steels yana karɓar fam 30 a mako, yana kuma aiki a masana'anta. Daga nan Halifax, sai Fleetwood, sai Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012. A 2016 ya ɗaga kofin Firimiya, kuma a shekarar ne Ahmed Musa ya same shi a ƙungiyar. Shi ma Musa ta ƙaramar ƙofa ya shigo: makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, sai JUTH, kafin ya zo Kano Pillars ya zura 18 a kaka guda. Amma kada a ruɗi kai, irin su Vardy ɗaya ne cikin dubbai. Mafi yawan wasannin da mai yawon filaye zai gani ƙwallo ce ta dogon bugu da gudu a cikin taɓo.

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Birtaniya kuma yake son gwadawa, ya duba shafin ƙungiyar da safiyar ranar kafin ya sayi tikitin jirgi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan sama da ƙanƙara sukan sa a ɗage wasa awa biyu kafin farawa. Ya sa kayan sanyi fiye da yadda yake zato, don tsayuwar awa biyu a fili ba tafiya a titi ba ce. Ya kuma sani cewa dokar 1985 da ta hana shan giya a gaban fili manyan matakai ta shafa, a ƙasa za ka ga mutane da kofunansu a hannu. Abincin da ake sayarwa sau da yawa akwai naman alade a ciki, don haka a tambaya, ko a tsaya a shayi da soyayyen dankali.

To mu fa?

Muna da namu matakan: Firimiyar Najeriya mai ƙungiyoyi 20, sai NNL, sai NLO, sai gasannin jihohi. Magoya bayan Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, sun ɗanɗani ajin 'yan dagaji da ƙungiyar ta faɗi a 2022, kafin ta dawo a 2023. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana mataki na biyu ta ci Kofin Ƙalubale, ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a Legas. 'Yan kallo kuwa ba mu da ƙarancinsu. Wasan ƙarshe na gasar unguwa-unguwa a filin makarantar firamare, da igiya a madadin shinge, yara a kan katanga da bishiya, masu rake da gyaɗa da ruwan leda suna kewayawa, sau da yawa ya fi wasan mataki na tara na Ingila cika.

Bambancin yana wajen jadawali da rubutu. Baturen Ingila tun watan Yuli zai iya sanin inda wata ƙungiyar ƙauye za ta buga wasa a watan Maris, da ƙarfe nawa, ya sayi tikitin jirginsa da rahusa. A nan wasan ƙananan rukunai yakan sauya rana ko fili a ƙurarren lokaci, wani lokaci a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya a gama cikin 'yan makonni, kuma labarin bai cika wuce bakin waɗanda abin ya shafa ba. Galibin manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, ƙananan kuma suna rayuwa da aljihun mutum ɗaya ko karo-karon matasa, don haka kuɗin ƙofa bai zama abin da ake lallashin baƙo dominsa ba. Ga kuma halin da hanyoyi ke ciki, wanda ya sa tafiyar dare don ƙwallo ba shawara ba ce.

Duk da haka mai sha'awa zai iya farawa da abin da ke kusa, garuruwan da za a je a dawo kafin magariba. Ofishin hukumar ƙwallo ta jiha da masu shirin wasanni a gidajen rediyo su suka fi sanin inda ake wasa a makon, kuma kiran waya da safe ya fi dogaro da abin da aka faɗa jiya. In ka je, kada ka sa rigar kowa, ka tsaya nesa da bencin 'yan wasa, in ka ga rai ya fara ɓaci a kan busar alƙali ka kama hanya tun kafin a tashi. Littafin wasa babu mai buga maka shi. In kana son sunayen 'yan wasa, sai ka sami sakataren kowace ƙungiya kafin a take leda, ka roƙe shi ka kwafa daga takardar da zai miƙa wa alƙalin wasa.